Mun kwashe gota tas, amma ruwa ya shiga ɗaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. A unguwar Maamobi nake a Accra, gidanmu kusa da babbar gota. Watan jiya samarin layinmu suka kwashe gotar ƙofar gida tas, amma ruwan daren Talata ya shigo mana har gwiwa, katifu da buhun shinkafar da nake waakye (shinkafa da wake) da ita duk suka jiƙe. Yanzu da hadari ya haɗo ba na runtsawa, ga jikoki ƙanana. Maigida ya ce a rufe gotar da kankare kowa ya huta. Mu rufe?

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah Ya mayar da alheri, Ya kiyaye gaba. Kada ku rufe ta ruf. Rufaffiyar gota ba ta daina tara yashi, ku ne kuke daina ganinsa, ran da ta toshe kuma sai an fasa da guduma. In dole ne a rufe saboda yara, a sa murafe gutsi-gutsi waɗanda mutum biyu za su iya ɗagawa.

Ina samarin suka zuba taɓon da suka kwaso? Na san amsar: a bakin gotar suka jibge shi wai ya bushe, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Sannan ruwan da ya shigo miki da wuya ya zama daga sama ya gangaro. Galibi kwalbatin da ke ƙasa da ku ne ya toshe, ruwa ya rasa hanya ya dawo da baya.

Ga kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da an fara yayyafi za ki ga an fito da bokitin shara da ƙullin leda ana antayawa a gota, wai "ruwa zai kai shi teku". Wane teku? Gotar Nima, maƙwabciyar Maamobi, tana gangarawa ne ta shiga kogin Odaw wajen Circle (shataletalen Kwame Nkrumah), Odaw ta zuba a tafkin Korle, sannan a kai teku. Tun daga Circle ƙasa ta kwanta, ruwa ya rage gudu, duk abin da ya ɗauko a nan yake saukewa. Na sha shiga kwalbati da dogon takalmi da tocila. Abin da nake tararwa: tsohuwar katifa ta gitta a baki, taya biyu sun tokare ta, ledojin fiya wata da kunzugun jarirai sun lulluɓe ta kamar an yi yaɓe, yashi ya taru a baya. Cikin 'yan mintoci an gina madatsa, kuma ba wanda ya ɗauki birkila. Mai zubawa yana kan tudu yana barcinsa, wadda ke kwari irinki ke kwashe ruwa da roba har asuba. Mutumin da ba zai juye shara a tsakar gidan maƙwabcinsa ba, shi ne ke aika masa da ita ta gota, gari ya waye kuma su haɗu a sahu ɗaya. Daren 3 ga Yuni 2015 mutane suka fake wa ambaliya a gidan mai na Circle, fetur ya bi kan ruwa, wuta ta kama, fiye da 150 suka rasu. Duk da haka ban ga an fasa wannan ɗabi'a ba.

Hukuma ma ba na wanke ta. Sai an yi asara ake turo injin yashe Odaw da masu ɗaukar hoto, alhali aikin na watan Maris ne, kafin damina ta kankama.

Ku tara kuɗi layi guda, a kwashe daga ƙofarku har bakin kwalbati, aboboya, wato babur mai ƙafa uku na kwasar shara, ya tafi da taɓon ranar nan. Yaro ɗaya ya bi shi, don wasu masu aboboya suna shan kwana su juye a gota ta gaba. Babbar gota ta fi ƙarfin shebur, ku je wa asembiliman ɗinku, wato wakilin unguwarku a majalisar gunduma, a rubuce, da sa hannun masu gidaje da liman. In ruwa ya sake shigowa da dare, ki fara kashe wuta daga mita, a ɗauke jikoki zuwa tudu, a kira 112.