Sa-ɗaka, agola da alkakin kuturu: amsoshin masu karatu

Wata ɗaliba daga Tawa ta rubuto tana cewa: “Malam, na karanta a wani rahoto na Faransanci cewa matar da ake kira wahaya, wasu na ce mata sadaka. Me ya haɗa ta da sadaka?”

Ƴata, babu abin da ya haɗa su, rubutun ne ya ci ƙugiyar ɗ. Kalmar ita ce sa-ɗaka, wato wadda aka sa a ɗaki, wadda kuma ake kira ƙwarƙwara. Sadaka kyauta ce don Allah. Sa-ɗaka kuwa mace ce da aka mallaka ba tare da ɗaurin aure ba, kuma ita ce a ƙasar Adar ake ce wa wahaya, ko mace ta biyar. Duba yadda sunan sa-ɗaka yake da laushi, kamar hutu aka ba ta. Alhali ita ke daka da ɗibar ruwa da kiwo, ita ke wa matan gida huɗu aiki, ga shi ba sadaki, ba gado, ba ranar girki.

Kada ki ɗauka tsohon zance ne. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a yankin Ƙonni a 1996, a kan jika 240 na sefa. Ƙasarmu Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003. Da ta samu takardar ƴanci a 2005 ta auri wanda take so, sai aka yanke mata wata 6 a kurkuku, wai ta yi aure kan aure. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta na cikin waɗanda suka tsaya mata, har kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ta zauna a Yamai ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa gwamnati ta gaza kare ta, a biya ta miliyan 10 na sefa. Abin da ke ci mini rai shi ne, a duk tsawon shekarun nan akwai maƙwabta, akwai masu shiga gidan suna fita, amma tunda abin yana da suna a harshenmu, sai ya zama kamar ba laifi ba ne.

Wani magidanci daga Yamai ya ce abokinsa ya hana shi faɗin “Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa”, wai cin mutunci ne. Yana son jin gaskiya.

Malam, karin maganar ba kuturu take zagi ba, mu take tona wa asiri. Kowa ya san mai talla ba ta son kuturu ya taɓa kayanta. To ranar da ya zo da kuɗi, sai ya zaɓi na can ƙasa, wanda ya fi shan zuma, kuma dole a tono masa. Ma'anarta dai mai kuɗinsa yana da zaɓi. Sai dai ka lura da abin da ke ƙarƙashi: kuɗin ne ya saya masa darajar da tun farko haƙƙinsa ce. Wanda ya zo hannu wofi fa? Duk da haka abokinka bai yi kuskure duka ba. In akwai mai lalurar a wurin, ka nemi wata maganar. Kuma mu sani kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba gado ba ce, ba baki ba ne. Tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shi kyauta. Tsofaffinmu in sun ji yaro na kwaikwayon gurgu ko makaho sukan ce masa, “Kai, ba a gama halittarka ba.”

Tambaya ta uku daga wata uwa ce: ko agola maraya ne?

Hajiya, ba lallai ba. Agola shi ne ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon miji, ko da ubansa na raye. Maraya kuwa wanda mutuwa ta raba da uwa ko uba, kodayake malaman fiƙihu sun keɓe hukuncin ga wanda ya rasa uba kafin ya balaga. Maraya yana da aya da ke tsaronsa, Suratul Duha ta hana a ƙuntata masa, don haka mutane na jin nauyinsa. Agola ba wanda ke jin nauyinsa haka. Shi ake aike da tsakar rana, kwanonsa ake zuba wa a ƙarshe, uwarsa kuma tana gani ba ta iya magana don kada a ce ta fifita ɗanta. In kina da irin wannan yaro a gidanki, roƙona ki hana ƴaƴanki kiransa agola. Su kira shi da sunan yankansa, ko su ce yaya in ya girme su.