Tambayoyinku ga Likita: Magana da Haɗiya a Wurin Manya Masu Lalurar Down

Wata uwa daga wani ƙauye a Ringim ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 34 yana ƙwarewa duk lokacin da yake shan ruwa ko koko, kuma sau biyu ke nan bana ana kwantar da shi saboda ciwon huhu.

Hajiya, ƙwarewar da ciwon huhun suna iya kasancewa abu ɗaya ne, shi ya sa ban so ki ɗauke su a matsayin halinsa kawai. Masu lalurar Down ana haifarsu da ƙarin ƙwayar halitta ta 21 cikin ƙwayoyin da ake gada daga iyaye, wato suna da 47 maimakon 46, kuma hakan yana sa tsokar harshe da leɓe da maƙoshi ta saki. Ruwa da koko tsararo suna riga haɗiya sauka, sai su faɗa hanyar iska, wani lokaci ma ba tare da tari ba, illa dai ki ji muryarsa ta jiƙe bayan ya sha. Ki zaunar da shi tsaye da bayansa, kada ya ci a kishingiɗe a kan tabarma, kuma ya ƙara rabin sa'a a zaune bayan ya gama. Ki ƙara wa kunu kauri, ki yanka masa loma ƙanana da miya isasshiya, ki raba shi da gyaɗa da aya da ƙanzo da kifi mai ƙaya. Kada a yi masa ɗura, kada kuma a rage masa abin sha, musamman da bazara. A riƙa goge masa baki safe da dare, domin ƙwayoyin cutar baki su ne ke bin abincin zuwa huhu. Ki nemi a tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a duba haɗiyarsa.

Wani magidanci daga Sumaila ya ce yayarsa mai shekara 47 ta rage magana, har dangi suna cewa iska ce.

Malam, a fara da kunne, domin ramin kunnen masu lalurar Down matsattse ne, dauɗa takan toshe shi, wanda ba ya ji kuwa yakan yi shiru. Sai gwajin jini na tayiroyid, halittar gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, saboda rauninta ya yawaita a cikinsu kuma yana da magani. Baƙin cikin rashin uwa ma yana rufe musu baki. Idan duk babu waɗannan, sai a binciki ciwon mantuwa na Alzheimer, wanda kan zo musu da wuri. Idan kuwa maganar ta ɗauke farat ɗaya, baki ya karkace, a garzaya asibiti a ranar.

Wata daga Gwaram tana tambaya ko in'inar ƙaninta mai shekara 22 za ta ragu.

Tana iya raguwa, malama. Yana fahimtar fiye da abin da yake iya furtawa, saboda haka ki jira ya kai ƙarshen maganarsa da kansa, ki kuma karɓi nuni da hannu idan kalmar ta ƙi fita.