Muryar Mushe (malami) a gurup ɗin ƴan jarrabawar BEPC na garin Tawa: awa ɗaya da rabi ba 1,30 ba ce

Salamu alaikum ƴaƴana, kun wuni lafiya? Hadiza, na ga hoton kayenki. Tambayar ita ce, mota ta ci kilomita 135 cikin awa 1 da minti 30, nawa take gudu a awa? Ke kin samo 103,8. Ɗiyata, dabararki daidai ce, nisa ake rabawa da lokaci. Wurin lokacin ne kika zame, kika rubuta 1,30.

Awa ba a raba ta ɗari, minti 60 gare ta. Minti 30 rabinta ne, wato 0,5. To raba 135 da 1,5, ki ga 90 ta fito tsaf. Minti 15 shi ne 0,25, minti 45 kuma 0,75. Minti 20 fa, kada ku wahalar da kanku da birgil, wato waƙafin nan na tsakanin lambobi, ku bar shi ɗaya bisa uku. Wallahi kowace shekara nan nake ganin maki na zuba, har wurin masu ƙoƙarin aji.

Ku yi haƙuri da ƙarar babur, bakin titi nake.

Sai tarkon zuwa da dawowa. Direba ya tafi kilomita 180 yana gudun 60, ya komo yana gudun 90. Kowa sai ya yi caraf ya ce 75. A'a! Zuwa awa 3, komowa awa 2. Kilomita 360 ke nan cikin awa 5, amsa 72. Ya fi daɗewa cikin tafiyar sanyin jiki, shi ya sa ta rinjaya.

Na motoci biyu masu haɗuwa ba wuya, tara gudun ake yi. Ɗauki Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140: wannan 80, waccan 60, awa guda sun gamu. In kuwa ɗaya ke bin ɗaya, sai a ɗebe.

Af, na so in manta. In sun nemi mita a sakan, raba da 3,6. Wancan 90 ɗin ya koma 25.

Hadiza, sake min shi da awa 2 da minti 15, nisa 180, ki turo kafin magariba. Sauran ma ku gwada, amma kada wanda ya sa amsa nan sai ta turo tata.