Ko jihar asali tana da tasiri wajen samun gurbi a jami'a?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kasancewarka ɗan asalin Jigawa, alhali a Legas ka tashi, zai taimake ka samun gurbin likitanci a jami'ar tarayya. Ƙwarai kuwa, amma kada ka jingina da shi kacokan.

Jami'o'in tarayya a Najeriya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi kowa maki, ko daga ina suke; 35 ga 'yan jihohin da aka ware wa jami'ar a yankinta; 20 kuma ga jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko. Jigawa tana cikin wannan rukuni na ƙarshe, tare da Zamfara, Yobe, Kebbi, har da Ebonyi da Bayelsa a kudu.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne, jihar asali ake dubawa, ba inda kake zaune ba. Jami'ar Legas 'yan jihohin Yarbawa shida take ɗauka a matsayin 'yan yankinta, don haka tasowarka a Agege ba za ta shigar da kai cikinsu ba. Ka tabbatar jihar da ka cike a fom ɗin JAMB ta yi daidai da takardar shaidar ƙaramar hukumarku, domin za a nema lokacin tantancewa.

A ganina, ga likitanci rangwamen ba shi da yawa, tunda masu nema sun ninka gurabe. Ka dage da sinadarai da fiziks, ka kuma saka jami'ar jiharku cikin zaɓinka, domin can 'yan gida ake fara ba wa.