Gwaba da mangwaro sun cika da tsutsa, lemun tsami kuma lafiya lau

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina da ƴar garka a Saga bakin kogi, akwai mangwaro mai aure da gwaba da lemun tsami. Ko wace shekara da damana ta kama sai ƴaƴan mangwaron su dinga zuba, in ka fasa tsutsa ce fal, gwaba ma haka, amma lemun da ke gefensu ba abin da ke taɓa shi. Ko ƙasar ce ba ta da kyau? Daga wani mai karatunmu a Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙasarka ba ta da laifi, aikin ƙudan ƴaƴan itace ne. Macen ke huda ɓawo ta zuba ƙwai a ƙarƙashi, tsutsar ta ci tsokar ɗan itacen wajen sati ɗaya zuwa biyu, ta faɗo ta shige ƙasa, ta fito ƙuda, duka da zafin nan namu wata guda ma bai cika ba. Irin ƙudan da ya fi ɓarna shi ne wanda masana ke kira Bactrocera dorsalis, baƙo ne daga Asiya, a Kenya aka fara ganinsa a nahiyarmu a 2003, kuma shi da ruwan sama ya sauka yake yawaita.

To amma ba ko wane ɗan itace ke raya masa ƴaƴa ba. Gwaba da nunannen mangwaro ɓawonsu da taushi ga zaƙi, tsutsa na rayuwa da yawa ta yi ƙiba, kuma ƙudan da ya taso da ƙoshi ya fi zuba ƙwai. Lemun tsami kuwa man nan na ɓawonsa mai shiga ido in an matsa, shi ke kashe ƙwai da ƙananan tsutsotsi tun ba su kai ciki ba. Mangwaron ma iri iri ne, Kent da Keitt da ke makara har cikin damana sun fi shan wuya, na gargajiya mai zare ya riga ya ƙare kafin ƙudan ya cika.

Ni a ganina gwabar nan ce ke riƙe maka ƙudan in mangwaro ya wuce, kar dai ka sare ta don Allah! Ka riƙa tsince duk wanda ya faɗo, ka ƙulle a baƙar leda ka ajiye a rana kwana biyu uku, ko ka binne a rami mai zurfin rabin mita. Ka kuma ja maƙwabtan garka ku yi tare, don ƙudan bai san shinge ba.