Ɗalibaina Suna Zuba Kowace Kala A Zanen Mandala: Ta Ina Zan Fara Koya Musu Haɗa Launi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar darasin zane ce a wata ƙaramar sakandare a Katsina. Na fara ba 'yan aji biyu zanen mandala don su saba da kamfas, su kuma koyi natsuwa. Layukan suna fita tsaf, amma da zarar sun ɗauki kala sai aikin ya dagule, kowa so yake ya zuba duk kala 12 da ke cikin kwalinsa. Na zana musu da'irar launuka a allo, sun haddace, sun ci gwaji, amma aikinsu bai canja ba. Sannan wani mahaifi ya tambaye ni ko wannan zane ba na bautar wasu mutane ba ne. Ina neman shawara.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da maganar mahaifin nan, domin tambayarsa tana da tushe, bai kamata a yi watsi da ita ba.

Kalmar mandala daga harshen Sanskrit na tsohuwar Indiya ta fito, ma'anarta da'ira. Mabiya addinin Hindu da na Buddha suna amfani da ita a ibadarsu. Malaman Buddha na Tibet sukan kwashe kwanaki suna tsiyaya yashi mai launi ta wani siririn mazurarin ƙarfe, idan zanen ya kammala su share shi, su kai yashin kogi su zubar. A wurinsu launi yana ɗauke da aƙida. A tsarin da ya fi yaɗuwa, fari ne a tsakiya, shuɗi a gabas, rawaya a kudu, ja a yamma, kore a arewa. Daga baya masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya riƙa zana irin waɗannan da'irori a littafinsa a shekarun 1918 da 1919, kuma rubuce-rubucensa sun taimaka wajen yaɗa kalmar a Turai da Amurka. Ki gaya wa mahaifin wannan tarihi yadda yake. Abin da ke ajinki tsarin lissafin ne kawai: cibiya ɗaya, zobe a bayan zobe, siffa mai maimaita kanta. Wannan kuwa yana cikin gidansa. Faifan da ake rufe ƙwarya da shi haka aka saƙa shi, haka kan hula mai aiki, haka zayyanar da'irar da marubuta Alƙur'ani ke yi a gefen shafi don nuna izu. Kada ki sa yara su kwafi zanen ibadar wasu da siffofin da ke cikinsa. In sunan ne ke tayar da hankali, ki kira shi zanen da'ira, ki shigo aji da faifai biyu ko uku.

To, mu koma kan kala. Abin da ya faru a ajinki ba baƙo ba ne, na sha ganinsa har a wurin manyan ɗalibai. Da'irar da kika zana a allo ta shiga kunnensu da bakinsu, ba ta shiga idonsu ba. Yaro zai iya faɗa miki cewa ja kishiyar kore ce, ya ci makinsa, alhali bai taɓa ganin abin da ja ke yi wa kore ba idan an jera su. Don haka maganin farko shi ne ki karɓe kwalin kalar daga hannunsu.

A darasin farko kowa ya riƙe kala ɗaya tak. A ce shuɗi. Su zana zobe biyar daga cibiya zuwa waje, su shafa na tsakiya da shuɗi mai duhu sosai, kowane zobe na gaba ya fi na baya haske, har na ƙarshe ya kusan zama fari. Mai fentin ruwa ya riƙa ƙara ruwa ko farin fenti, mai fensir ya riƙa sassauta hannu. Za su yi ƙorafi, ki daure. Idan an kafe aikin a bango aka ja da baya, su da kansu za su ga da'irar ta zama kamar rijiya mai zurfi. Wanda ya juya tsarin, ya sa haske a tsakiya, nasa zai yi kamar fitila. Ki tuna musu da marina: a Ƙofar Mata ta Kano baba ɗaya ne a cikin karofi, amma yawan tsomawa ne ke raba shuɗi mai haske da wanda ya kusan zama baƙi.

Na dage a kan wannan mataki ne saboda yawancin zanen da ake cewa kalarsa ta yi hayaniya, ba yawan kalar ne ainihin ciwonsa ba. Ciwon shi ne duk launukan haskensu ɗaya, babu mai duhu da zai riƙe zanen, babu mai haske da ido zai huta a kansa. Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ki ɗauki hoton aikin yaro da wayarki, ki mayar da hoton fari da baƙi. In siffofin sun narke sun zama ruwan toka iri ɗaya, to ga matsalar nan a fili. Ja da kore na kwalin yara sukan fito da duhu kusan ɗaya a irin wannan hoto, rawaya kuwa kullum takan yi haske. Yaran da suka ga wannan da idonsu sau ɗaya ba sa mantawa.

A darasi na biyu ne za a taɓa da'irar launuka, amma su za su gina ta, ba ke ba. Nan mandala ta fi kowane zane dacewa, domin ita kanta da'irar launukan mandala ce. Su raba da'ira gida 12 da ma'aunin kusurwar da ke cikin akwatin kayan lissafinsu, kowane gida digiri 30. Ja da rawaya da shuɗi su zauna a gida uku masu tazara ɗaya, ni iyaye nake kiransu a aji. Ja da rawaya su haifi ruwan lemo, rawaya da shuɗi su haifi kore, shuɗi da ja su haifi shunayya. Gidaje shidan da suka rage na jikoki ne, wato haɗin uwa da ɗan da ke kusa da ita. Wannan tsari mai gida 12 an fi danganta shi da Johannes Itten, wanda ya koyar a makarantar Bauhaus ta Jamus daga 1919 zuwa 1923, kodayake tun a 1704 Isaac Newton ya lanƙwasa launukan bakan gizo bakwai ya mayar da su da'ira a littafinsa na nazarin haske.

Ki shirya wa abu ɗaya a wannan rana: shunayyar ba za ta fita ba. Yara za su haɗa ja da shuɗi su samu wani abu kamar makuba ko laka, su ɗauka su ne suka yi kuskure. Ba laifinsu ba ne. Jan da ke cikin fenti mai araha ya karkata wajen ruwan lemo, ma'ana akwai ɗan rawaya a cikinsa, kuma duk inda iyayen nan uku suka haɗu sai launi ya dusashe. Ki nemi ja mai karkata wajen ruwan hoda mai ƙarfi, irin launin da ke tsakanin ja da shunayya, za ki ga bambanci nan take. Dalilin ke nan da na'urar buga takarda ba ta aiki da ja da shuɗin da muka sani, sai da wannan ruwan hoda mai ƙarfi da shuɗin sararin sama da rawaya da baƙi. Kada ki ɓoye musu wannan giɓi na da'irar allo. Lakar ma kada a zubar, a adana ta, tana da aiki a gaba.

Yanzu abin da ni nake ganin shi ne zuciyar darasin: launi ba ya zama da fuska ɗaya, maƙwabcinsa ne ke sauya shi. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Eugène Chevreul, ya zama shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris a 1824. Aka riƙa kawo masa ƙorafi cewa launin baƙin zaren da ake rinawa ba shi da ƙarfi. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiya lau yake, zaren shuɗi da na shunayya da ake saƙawa a gefensa ne ke sa ido ya ga baƙin ya koɗe. Ya wallafa bayanin a 1839. Daga baya wani malamin zane, Josef Albers, ya gina koyarwarsa a kan wannan, da yankakkun takardu masu launi, ya tattara ta a littafinsa na 1963. Ki yi irin nasa. Ki yanka ƙananan takardu biyu daga takarda ɗaya mai ruwan toka, ki ɗora ɗaya a kan rawaya, ɗaya a kan shuɗi mai duhu, ki tambayi aji ko launinsu ɗaya. Za su rantse ba ɗaya ba ne. Sai ki ɗaga su ki haɗa. Bayan haka su ƙura wa jar takarda ido na daƙiƙa 30 su juya ga farar takarda, za su ga inuwar kore mai ɗan shuɗi tana yawo. Idonsu ne ya nemo kishiyar ja da kansa, ba wanda ya faɗa masa.

Kalmar kishiya ta dace da wannan alaƙa ƙwarai, shi ya sa nake amfani da ita: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. Idan suna gefe da gefe kowacce ƙara fito da kanta take yi, idan aka cakuɗa su a cikin fenti sai su kashe juna. In aka ba su fili daidai wa daida, kowacce da cikakken ƙarfinta, zanen yakan riƙa rawa a ido har ya gajiyar da mai kallo. Ƙa'idar da nake ba ɗalibai ita ce a samu uwargida: launi ɗaya ya mallaki mafi yawan fili, kishiyarsa ta shigo kaɗan, a cibiya ko a ɗigon bakin ganye. A mandala wannan yana buƙatar lura, domin zoben waje ya fi na ciki faɗin fili nesa ba kusa ba, kuma duk ɗigon da aka sa a gida ɗaya sai ya maimaitu sau takwas ko sau 12. Abin da yaro ya ɗauka ɗan ja ne kaɗan, kafin ya zagayo ya cika takarda. Saboda haka kowa ya fara gwada kalarsa a yanki ɗaya a wata takarda dabam, ya nuna miki, sannan ya hau babban aikin.

Maƙwabtan launuka, kamar rawaya da tsanwa da kore da shuɗi, ba su da wahala, zaman lafiya suke yi. Ki ba su zobe-zobe su bi da su a jere. Haka zancen launuka masu zafi da masu sanyi: ja da ruwan lemo sukan yi kamar suna matsowa, shuɗi yakan ja da baya. Mandala biyu masu layi iri ɗaya, ɗaya da zafi a tsakiya, ɗaya da sanyi, sun isa su nuna wannan cikin darasi guda.

Wajen ƙarfin launi kuwa, Hausa ta riga ta yi miki rabin aikin. Yaron da ya san bambancin ja da ja wur, kore da kore shar, fari da fari fat, baƙi da baƙi ƙirin, ya san abin da littattafan zane ke ɓata shafuka suna bayani. Ki ce musu a mandala ɗaya launi ɗaya ne kawai aka yarda ya zama wur ko shar, sauran a rage musu kaifi da ɗigon kishiyarsu. Nan lakar da aka adana za ta yi rana, domin ruwan ƙasa da ruwan toka su ne shimfiɗar da launi mai ƙarfi ke haskawa a kanta. Ki duba faifai mai kyau: launin kabar da ba a rina ba shi ne ya fi yawa, shi ya sa ja da koren da ke ciki suke fitowa.

Ki kuma sa ido a kan yaron da kullum yake rikita ja da kore ko ruwan ƙasa, duk da yana mai da hankali. Mai yiwuwa idonsa ne ba ya bambance su. Gado ne, ya fi kama maza, kuma ba sakaci ba ne. Kada a yi masa faɗa a gaban aji. Ki rubuta masa sunan kala a jikin kowane fensir, ki bar shi ya yi aiki da shuɗi da rawaya da haske da duhu, ki kuma sanar da iyayensa su kai shi asibitin ido a gwada.

Wajen ba da maki, ki daina tambayar su sunayen launuka. Kowa ya rubuta layi biyu a bayan takardarsa: wane launi ne uwargida, ina ya sa mafi duhu, me ya sa. Idan an gama, a kafe duka a bango, aji ya koma ƙarshen ɗaki, ki tambaye su wanne ido ya fara sauka a kai, kuma a wane wuri a cikinsa. Sai a mako na biyar ko na shida za ki mayar musu da kwalin kala 12 ɗin, da sharaɗin kowa ya zaɓi huɗu ya ajiye sauran a cikin jaka kafin ya fara.