Ƙanenka, Dillalin Santo Domingo da Katinka na Zama

"Salamu alaikum Malam. Ni mutumin Kano ne, shekara huɗu ke nan ina Bronx a birnin New York da katin zama na dindindin. Ina aiki a kantin wani mutumin Jamhuriyar Dominika, dattijon kirki. Shi ya ba ni labarin yadda ya shigo Amurka yana saurayi, ta kwale-kwale daga ƙasarsu zuwa Puerto Rico, tsibirin da ke ƙarƙashin Amurka, yau ga shi da kantuna biyu. Na yi suɓul da baka na faɗa wa mutanen gida. Yanzu ƙanena ya samo wani dillali da ya ce zai kai shi Santo Domingo, babban birnin Dominika, daga can a tsallaka da shi Puerto Rico, a kan dala 9,000. Hajiya ta daina sakar mini fuska in na kira, kawu kuma ya ce na samu shiga na rufe ƙofa. Ina da dala 6,000 da na tara. In tura?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka tura, ko sisin kwabo.

Zan fara da kai kafin in zo kan ƙanen naka, domin na lura a duk wasiƙarka tsoron da kake yi na fushin gida ne, ba ka hango ramin da ke gaban ƙafarka ba. A dokar shige da fice ta Amurka, wanda da saninsa ya taimaka wa wani ya shigo ƙasar ta ɓarauniyar hanya, ko ya yi yunƙurin shigowa, ana lissafa shi cikin masu fasa-ƙwaurin mutane. Ba sai ka tuƙa jirgin ba, biyan kuɗin hanya kaɗai ya wadatar. Mai katin zama da ya aikata haka cikin shekara biyar da shigowarsa ana iya gurfanar da shi a kotun korar baƙi, kai kuwa shekararka huɗu. Akwai sassaucin da doka ta tanada, amma ga wanda ya taimaki matarsa ko mijinta, ko iyaye, ko 'ya'ya. Ƙane ba ya cikin wannan jeri.

Sannan ka tuna abin da ke gabanka baɗi, lokacin da za ka cika shekara biyar da katin zama ka cancanci neman zama ɗan ƙasa. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ƙarara ko ka taɓa taimaka wa wani ya shigo Amurka ba bisa ƙa'ida ba. In ka ce eh, ka rushe shaidar halin kirki da ake nema a wurinka. In ka ce a'a alhali rasit ɗin tura kuɗi yana nan da sunanka da kwanan wata, ka yi ƙarya bayan rantsuwa, ita kuwa ko bayan an ba ka fasfo ana iya tono ta a karɓe. Ranar da aka kama ƙanenka a teku, wayarsa za a fara dubawa. Lambar wa za a tarar a ciki?

Yanzu maganar maigidanka. Ban ce ya yi maka ƙarya ba, amma ka koma ka tambaye shi abu biyu: wace shekara ya shigo, kuma ta yaya ya samu takarda. 'Yan Dominika ba jiya suka fara wannan tafiya ba. Ƙofarsu ta buɗe ne bayan kashe shugabansu Trujillo a 1961, ta ƙara faɗi bayan yaƙin basasar 1965 da sojojin Amurka suka shiga ƙasar. Tun daga nan wa ke ɗauko ƙane, uwa ke ɗauko 'ya, har yau masu asalin ƙasar a Amurka sun haura miliyan biyu, alhali mutanen ƙasar a gida kusan miliyan 11 ne. Ka hau jirgin ƙasa ka sauka a Washington Heights a nan New York ka ga yadda unguwa guda ta koma tasu. Da yawa cikin tsofaffin da suka shigo ba takarda, afuwar da gwamnatin Amurka ta yi wa baƙi marasa takarda a 1986 ce ta wanke su, wadda ta shafi waɗanda suke ƙasar tun kafin 1982. Ba a sake yin irinta ba. Wasu aure ya wanke su, wasu 'ya'yan da suka haifa a nan bayan sun cika shekara 21. Saurayin Dominika da ya sauka a gaɓar Puerto Rico yarensu ɗaya da mutanen garin, Sifaniyanci, yana da ɗan'uwa a San Juan, babban birnin tsibirin, da zai ɓoye shi ya nema masa aikin gini. Ƙanenka wa yake da shi a can? Ko neman ruwan sha bai iya da yarensu ba.

Ruwan da ake maganar tsallakawa shi ne mashigin Mona, kimanin kilomita 130 tsakanin Dominika da Puerto Rico, mai igiyar ruwa da ƙarfin tsiya. Kwale-kwalen katako ne da suke kira yola, ana tasowa da dare daga wuraren Miches ko Sabana de la Mar, a cusa mutum talatin ko arba'in inda bai kamata a wuce goma ba, ba rigar ruwa. A watan Mayun 2022 ɗaya ya kife kusa da tsibirin Desecheo na Puerto Rico, aka tsamo gawar mata 11 'yan Haiti, sauran waɗanda ba a gani ba sai Allah. Wata dabarar masu jirgin ita ce su sauke mutane a tsibirin Mona da ke tsakiyar hanya, dutse ne ba gari, su ce musu an iso Amurka, su juya abinsu. A takarda kam ƙasar Puerto Rico ce, sai dai ba wanda zai zo ya ɗauke ka in ba dakarun tsaron gaɓar teku ba, su kuma ba New York za su kai ka ba. Wanda ma ya tsallake duk wannan, tsakaninsa da Bronx akwai jirgin sama, a filin jirgin San Juan kuwa jami'an shige da fice suna nan suna duba mutane. Da wace shaida zai hau?

Ko kafin a kai ga teku akwai abin da na tabbata dillalin bai faɗa ba. Tun Oktoban 2024 gwamnatin shugaban Dominika, Luis Abinader, ta sanar da shirin korar 'yan maƙwabciyarsu Haiti marasa takarda har 10,000 duk mako. Motocin kame suna yawo a unguwanni, kuma baƙar fata ake fara tarewa kafin a tambayi takarda. Bakano baƙi wanda ba ya jin yaren gari, bizarsa ta ƙare ko tun asali jabu ce, wa zai tsaya ya saurari bayaninsa cewa shi ɗan Najeriya ne?

Dillalan nan na san aikinsu. An taɓa kawo mini maganar wani yaro da aka ajiye a ɗaki tare da wasu a wani gari da ko sunansa bai sani ba, an karɓe fasfonsa wai don a ajiye masa. Kuɗin da aka yi ciniki a gida ashe na tikiti ne da masauki. Sai aka ce mai jirgi ya ƙara kuɗi, aka tura. Aka ce sai an sallami sojan ruwa, aka tura. Daga ƙarshe muryar yaron aka riƙa turo wa yayansa yana kuka, har yayan ya ci bashin da ya fi abin da ya tara. Dala 9,000 ɗin da aka faɗa maka kuɗin shiga ne, da zarar ƙanenka ya faɗa hannunsu su ke yanka farashi. Haka nan ka yi hattara da shagunan unguwarku masu tura kuɗi da cike takardun haraji, waɗanda wasunsu ke rataya allon notario, wato mai tabbatar da takardu, suna cike wa mutane takardun shige da fice. Ba lauyoyi ba ne, kuma na ga wanda suka shigar wa neman mafaka da labarin ƙarya bai ma san abin da ya sa wa hannu ba.

Ka ce maigidanka yana da kantuna biyu. Ka lura da awa nawa yake tsaye a bayan kanta? Ka tambayi matan Dominika da ke aikin kula da tsofaffi a gidaje nawa ke saura a hannunsu bayan haya da aiken gida. A 2023 'yan ci-ranin ƙasar sun tura gida sama da dala biliyan 10. Mutanen gida suna ganin gidan bene da aka gina da gangunan kaya da ake aikowa, ga ɗan New York da ke zuwa hutun Disamba da sarƙar gwal a wuya, ba sa ganin ɗakin ƙarƙashin ƙasa da mutum huɗu ke kwana a ciki. Matan garin Vicente Noble da ke kudancin ƙasar sun yi ta tafiya Madrid aikatau da bashi a kansu. Ɗaya daga cikinsu, Lucrecia Pérez, 'yan makonni da isarta Sifen aka harbe ta a watan Nuwamban 1992, a kangon wani gidan rawa a unguwar Aravaca ta Madrid inda marasa matsuguni irinta ke kwana. Wannan ma labarin ci-ranin Dominika ne, sai dai ba shi ake bayarwa a bakin kanti ba.

A nan kai ma da naka laifin. Labarin kantuna biyu ka kai gida, kuma ina kyautata zaton hoton da kake turawa na rigar sanyi a gaban dogayen gine-gine ne, ba na lokacin da kake sauke katan-katan da asuba ba. Mu 'yan ci-rani mu muke shuka wannan ƙwaɗayi, sannan mu yi mamaki in ya tsiro.

Amma kawu bai yi maka adalci ba, kuma ba zan ɓoye ba. Wace ƙofa ka rufe? Mai katin zama ba shi da ikon nema wa ƙanensa biza ko kaɗan, sai ya zama ɗan ƙasa. Ko a lokacin, layin 'yan'uwa na jini yana cin sama da shekara 15. Cacar biza kuma an cire Najeriya daga cikinta sama da shekara goma, kamar yadda Jamhuriyar Dominika ma ba ta ciki. Ƙofa ɗaya tak da za ka iya buɗe wa ƙanenka wata rana ita ce takardar ɗan ƙasa da kake jira, ita ce kuma kawu ke so ka jefa a teku. In ya yarda da dillalin haka, ya sayar da gonarsa ya tura ɗansa na cikinsa mana. Mai cewa a tura da wuya ya zama mai biya, kuma ranar da waya ta daina shiga kai za a zaga.

Hajiya kuwa daban ce. Uwa ce, ɗa ɗaya ya samu, ɗaya yana zaune a gida yana cin rai, kuma an gaya mata hanya ce ta 'yan awanni. Kada ka yi jayayya da ita a waya ana jin ku. Ka samu malamin da take ganin girmansa ko yayarta, ka zayyana masa yadda jirgin yake da abin da ya faru a Desecheo, ka bar shi ya zauna da ita. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, kuma biyayyar iyaye ba ta kai a saya wa ƙane kujera a irin wannan jirgi ba. Ban taɓa ganin uwar da aka yi wa wannan bayani a tsanake ta ce a je ba. Bayan nan ka rubuta mata lissafinka na wata guda da Hausa: albashi, haya, jirgin ƙasa, abinci, abin da kake aikowa, abin da ya rage.

Dala 6,000 ɗin nan ka raba ta. Ka ware kuɗin fom ɗin N-400, wanda ya haura dala 700, da na lauya in ta kama. Kana iya shigar da shi kwana 90 kafin cikar shekara biyar ɗin. Ka bar abin da zai riƙe ka wata biyu ko uku in aiki ya tsaya. Ragowar in kana son taimakon ƙanenka, ka tambaye shi sana'ar da ya iya, ka saya masa kayan aikin ta hannun wanda ka amince da shi, kashi-kashi. Kada ka danƙa masa tsabar kuɗi yanzu, don gobe da safe suna hannun dillali, kuma rasit ɗin da sunanka zai fito.

Ka rubuta wa ƙanen naka saƙo a fili cewa ba ka yarda da wannan tafiya ba kuma ba za ka biya ba, ka adana saƙon. In kuwa ka riga ka tura wani abu a matsayin kafin alƙalami ba ka faɗa mini ba, kada ka cike kowane fom sai ka ga lauyan shige da fice. Ka kira 311 a nan New York ka nemi a haɗa ka da masu ba baƙi shawarar shari'a kyauta na ofishin magajin gari, ka tafi da rasit ɗin.